Gerber, Wato Majemi

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ba kowane bawa hanyar cin abincinsa. Wannan babi naku ne ku uku, Bashir da Zainabu da Hamza, amma Bashir ya fi ku haƙƙi a cikinsa, domin a kansa abin ya faɗa. Kun sha tambayata dalilin da ya sa wani tsohon allo mai ɗauke da sunan Bature yake rataye a kantina na unguwar Château Rouge a Paris, daidai saman kujerar da nake zama. Nakan ce muku ado ne. Yau zan faɗa muku yadda ya zo wurin.

Ubana, Malam Idi, majemi ne a Damagaram, haka kakana, haka uban kakana. Gidanmu yana can gefen gari, inda iska ke kwashe wari ta yi daji da shi. Na buɗe ido na gan ni cikin kwatarniyoyi. Akwai ta toka, wadda ake jiƙa fata a ciki har gashi ya saki, akwai ta kashin kaji mai sa fata laushi, sannan ta bagaruwa, inda fata ke kwana da kwanaki har ta jemu. Hannuwan ubana baƙaƙe ne har gwiwar hannu, faratansa kuwa launin goron da aka tauna. Ko ya yi wanka da sabulu ranar Juma'a ya sa fararen kaya, in ya shiga sahu sai ka ga na kusa da shi ya ɗan matsa. Shi bai taɓa kula ba, ni ne mai gani. A lakwal yara sukan toshe hanci in na shigo aji, wani ma ya tambaye ni ko akuyar da ta mutu a gidanmu ba a binne ta ba. Da na fara tasawa sai na bar gida. Na yi Kano, na yi Kwatano, na yi Abijan, daga ƙarshe na faɗo Paris, inda na fara da shimfiɗa ɗamara da jakunkuna a ƙasa a bakin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ido ɗaya a kan mai saye, ido ɗaya a kan 'yan sanda. Daga ƙasa na koma tebur, daga tebur na sami kanti. Na guji fata, amma fata nake sayarwa, don ita kaɗai ce hajar da ba wanda ya isa ya cuce ni a kanta.

In mutanenmu na nan suka tambaye ni ɗan wane ne ni a Damagaram, sai in ce ubana fataucin fata yake yi. Rabin gaskiya ke nan, tunda yakan kai abin da ya jeme kasuwa. Shekara talatin ina faɗin haka, har ni kaina na fara ganin wani uba a cikin kaina, mai rawani da ayarin raƙuma. Da na sami wadata na aika wa ubana na gaskiya saƙo cewa ya bar wannan ƙazamin aiki, zan riƙe gidan. Mai kai saƙon ya dawo mini da amsa gajera.

"Ya ce a gaishe ka. Ya ce takalmin da kake sayarwa, wani ne ya sha warinsa kafin ya zo hannunka."

Ya rasu bayan haka ba da daɗewa ba, ina nan, ban je ba. Uwarku Hajiya Mariama ta san komai, don ta shiga gidan sau ɗaya tana amarya, amma ba ta taɓa tona mini ba.

Shekarar da nake so in ba ku labarinta ita ce wadda Bashir ya zo ya ce yana son Hadiza, 'yar Alhaji Sanusi, wanda ke aiki a ɗaya daga cikin manyan ofisoshin ƙasashen duniya da ke nan Paris. Mutum ne mai mutunci, daga gidan sarauta ya fito, kuma bai taɓa yi mini wulaƙanci ba. Aka sa ranar da za mu je neman aure, Lahadi, a gidansa da ke Bobigny, don yayansa zai zo daga gida. Saura kwana goma sai wani dillali ya kira ni ya ce akwai wata tsohuwa a Lyon da za ta rufe kantin fata, tana so ta sayar da kayan a dunƙule. Na ɗauki jirgin ƙasa na safe.

Lokacin ƙarshen kaka ne na nan. Hazo ya kwanta a kan gonaki kamar an shanya fararen zannuwa an manta da su, shanu suna tsaye a ciki ba ka ganin ƙafafunsu. Na jingina kaina da gilashi, ban yi barci ba, ban kuma kasance a farke ba. A wannan tafiya na shirya maganar da za a faɗa ranar Lahadi. Abokina Malam Haruna mai atamfa, wanda muka haɗu tun Abijan, shi zai tsaya a matsayin baffan Bashir, in an tambayi asali ya ce zuriyar fatake ne. Na maimaita kalmar a zuci har jirgin ya shiga Lyon.

Kantin yana wani siririn lungu da ke gangarawa zuwa kogi. Saman ƙofar akwai allon katako mai launin ganye da ya koɗe, an rubuta kalma ɗaya da ruwan zinariya: Gerber. Na tura ƙofa, wata 'yar ƙararrawa ta kaɗa. Tsohuwar tana zaune bayan doguwar kanta, 'yar ƙarama, gashinta fari tas, tabarau rataye a wuyanta da igiyar fata. Ta ce ita ce Madam Gerber, in duba abin da nake so, ba gaggawa, ba ta da sauran inda za ta je. Fatu ne a jere daga ƙasa har rufi, na maraƙi, na akuya, na tunkiya, wasu an nannaɗe, wasu a shimfiɗe. Hasken da ke shigowa ta taga ya taho da motsin ruwan kogi, yana rawa a jikin rufin.

Na fara aiki yadda na saba in ba wanda na sani a kusa. Na jawo fata, na ninka ta gida huɗu, na matse kusurwar da babban yatsa in ga ko za ta tsage. Na kai ta hanci. Sannan na taɓa gefen da aka yanka da kan harshena, don harshe ne ke gaya maka ko da itace aka jeme ta ko da maganin masana'anta. Na yi haka ga fata biyar ko shida. Da na ɗago sai na tarar ta sa tabarau tana kallona.

"Mushe," in ji ta da Faransanci, wato malam, "wa ke jima a gidanku, ubanka ko kakanka?"

Na ce ni ɗan kasuwa ne, madam.

"'Yan kasuwa fiye da goma sun shigo nan tun da na sa talla. Kowannensu takardar farashi ya fara dubawa. Ba wanda ya lasa mini kaya sai kai. Mutum na ƙarshe da na ga yana haka kakana ne, kuma kakata ta yi shekara arba'in tana hana shi yi a gaban baƙi."

Na yi dariyar da ake yi wa mai saye, na ce ɗabi'a ce kawai. Ba ta matsa ba. Ta ɗora ruwan shayi a wani ɗan murhu da ke bayan kanta, ta nuna mini kujera, ta tambaye ni ko na san ma'anar sunan da ke saman ƙofa. Na ce na ɗauka suna ne kawai, irin na Turawa.

Ta ce kalmar Jamusanci ce. Kakanta daga Alzas ya zo, yankin nan na kan iyaka inda ake jin harsunan biyu, kuma a can, in an ce Gerber, ana nufin mai jeme fata. Ta ce asalin kalmar daga wata tsohuwar kalma ce mai nufin shirya abu, a kai shi inda zai amfanu. Har gobe Jamusawa suna amfani da guntunta, gar, in nama ya nuna a tukunya. Da farko akan ce mai shirya fata, sai baki ya gaji ya yar da fatar, aka bar mai shiryawa kawai, kamar duk duniya ba wani mai shirya abu sai shi. Ta ce a can da, mutum sunansa ɗaya ne, amma da garuruwa suka cika, masu suna iri ɗaya suka yi yawa, sai aka riƙa bambanta su da sana'a. Da ma'aikatan hukuma suka fara rubuta mutane a littafi, sana'ar ta manne, ta bi 'ya'ya da jikoki ko sun taɓa fata ko ba su taɓa ba.

Na ce mu ma haka muke yi, Audu Maƙeri, Sale Marini, amma namu ba ya shiga takarda, yana mutuwa da mai shi.

"To kun huta," in ji ta. "Ɗan ƙanena likitan haƙori ne a nan garin. Hannunsa ya fi na jariri laushi. Amma a ƙofar asibitinsa an rubuta majemi da manyan baƙaƙe, mutane suna shiga suna buɗe masa baki."

Na tambaye ta ko ba a ƙyamar sana'ar a ƙasarsu. Ta kalle ni kamar na tambayi ko ruwa na jiƙa mutum. Ta ce a kowane tsohon gari, in kana neman unguwar majema, ka bi kogi har inda yake fita daga gari, can aka tura su saboda wari. Ta ce da kashin kare da na tattabara suke laushin fata, da ɓawon itace suke jeme ta. Ta ce kakanta ya taɓa neman 'yar mai gidan burodi aka hana shi, uban yarinyar ya ce ba zai haɗa gari da wannan wari ba. Tana magana ina jin kamar wani yana karanta mini labarin gidanmu daga wani littafi da aka rubuta da harshen da ban iya ba. Na daina jin motocin waje. Hasken ruwan yana ta rawa a rufi.

Sai ta tashi ta shiga ɗakin baya, ta dawo da wani ƙunshin takarda mai ruwan ƙasa. Ta ce wannan ba na sayarwa ba ne, tun zamanin ubanta yake nan, irin fatar da Faransawa ke cewa ta Maroko, amma ubanta yakan ce ƙarya ne, daga ƙetaren hamada take zuwa, Maroko hanya ce kawai. Ta buɗe. Fatar jar akuya ce, an rina ta da karan dafi, jan ya yi duhu saboda shekaru. Ban ninka ta ba. Na kai ta hanci kawai.

Bagaruwa ce. Shekara nawa tana cikin takarda a garin sanyi, amma bagaruwar tana nan. Na gan ni a tsakar gidanmu da hantsi, fatu a shanye a kan igiya suna ɗiga, uwata tana dakan bagaruwa a turmi, taɓarya tana tashi tana sauka. Ubana ya sunkuya a kan gungumen itace da kartaji, ƙarfen da ake kankare gashi da shi, yana ja yana wani ɗan amo a hanci da ba waƙa ba ne, ba kuma zikiri ba. Ya ɗago ya miƙo mini gefen fata ya ce in lasa in gaya masa ko ta yi. Ina ɗan shekara shida ko bakwai. Na lasa, na ce ta yi. Ya ce saura kwana biyu, amma harshenka zai iya. Na manta da wannan ranar ƙaf, sai a kantin nan ta dawo mini har da inuwar bishiyar bedin da ke jikin katanga.

Ubana yana da alama, 'yan huji uku da yakan yi da basilla a wajen wutsiya. Na juya fatar ina nema. An datse wurin tun da daɗewa. Ban san ko tasa ba ce, majema suna da yawa daga Sakkwato har Damagaram, kuma ba zan taɓa sani ba.

Na ce, "Ubana ne ke jima, madam. Da kakana."

"Na sani," in ji ta. "Sha shayinka, ya huce."

Kada ku ɗauka wannan ya sa na yi sakaci a ciniki. Mun yi awa guda muna ja, ta kira ni ɓarawo sau biyu, na nuna mata fatu tara da asu ya taɓa. Da muka daidaita sai ta ce mai gidan zai fasa allon ƙofar ya jefar, tunda wurin shan kofi za a mayar da kantin. Ta ce in ɗauke shi, in haɗa da jar fatar, ni ne Gerber na ƙarshe da ya shigo.

Na dawo Paris da allo a hammata. Washegari da safe ina karyawa na ba uwarku labari, na ce ina ganin ranar Lahadi zan faɗi gaskiya. Ta ajiye ludayi.

"Alhaji, shekara talatin bakinka yana rufe, sai ranar auren ɗana zai buɗe?"

Na ce in an gina aure a kan ƙarya, wata rana wani daga Damagaram zai zo ya rushe shi da kalma ɗaya.

"To ka kira yaron ka gaya mishi tukuna. Shi ke da auren, ba tsohuwar Lyon ba."

Na ce zan gaya masa. Kwana tara ina cewa gobe. Bashir yakan shigo kanti da yamma bayan aiki, ya zauna a kan kwali yana ba ni labarin gidan da suka gani shi da Hadiza a Belleville, hawa na huɗu, da taga mai kallon bishiya. In na buɗe baki sai in tambaye shi nawa ne kuɗin haya. Har Lahadi ta zo ban faɗa ba, sai na gaya wa kaina cewa ai na fasa, Malam Haruna ya faɗi fatakensa kowa ya huta.

A gida uba ba ya zuwa neman auren ɗansa, 'yan'uwansa ke zuwa. A nan ba ni da wa ba ni da ƙane, shi ya sa na bi Malam Haruna, da sharaɗin in zauna in yi shiru. Bashir yana ƙasa cikin mota yana jiranmu. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da sanyi da gajiyar hanya. Yayan Alhaji Sanusi dattijo ne mai sanyin murya, yana zaune a ƙasa kan buzu, ya ƙi kujera. Idona ya tsaya a kan buzun nan. Jimar gida ce, ta hannu, na gane daga yadda gefen ya naɗe. Dattijon yana shafa shi da tafin hannu yana magana.

"To Malam Haruna, yaro mun ji labarinsa, ba mu ji sai alheri. Amma ka san al'ada. Wane gida ne a Damagaram?"

Malam Haruna ya gyara murya. Ni kuwa na ji muryata ta riga tasa.

"Ranka ya daɗe, gidan Malam Idi majemi ne. Ni ɗansa ne. Majema ne mu kaka da kakanni."

Malam Haruna ya tsura wa carbinsa ido. Alhaji Sanusi ya ce, "Alhaji Lawali, ashe ba fatake ba?" Na ce ni na faɗi haka, kuma ba gaskiya ba ne. Dattijon ya daina shafa buzun. Ya ce sana'a ai ba abin kunya ba ce, Allah ya jiƙan magabata, za su yi shawara su aiko. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Ba a kawo goro ba.

Har yau ban san wanne ya fi yi musu nauyi ba, jimar ko ƙaryar. Alhaji Sanusi ya gaya wa Malam Haruna daga baya cewa ƙaryar ce. Mai yiwuwa. Mutum yakan zaɓi dalilin da zai iya faɗa a gaban jama'a.

A cikin mota na gaya wa Bashir. Bai ɗaga murya ba, hannuwansa suna kan sitiyari, yana kallon gaba.

"Baba, ni ban damu da ko kakana kashin kaji yake taɓawa ba. Amma su suka fara ji, ni ina zaune a mota kamar direba."

Ya tayar da mota muka koma gida. Hadiza ta yi ƙoƙari wata shida, daga baya ta bi maganar iyayenta, kuma ban ga laifinta ba. Bashir ya nemi canjin wurin aiki, aka tura shi Lyon, garin da abin ya samo asali, ko da yake shi bai sani ba sai yanzu da yake karanta wannan. Shekara biyu in ya kira waya uwarsa yake nema. Yanzu muna gaisawa, ya yi aure, yana kawo mini jikoki da sallah, amma wannan magana ba mu taɓa komawa kanta ba.

Ga abin da nake so ku riƙe daidai, don na ji ana juya labarin a Château Rouge. Wasu suna cewa na yi jarumta. Ban yi ba. Abin da na faɗa a Bobigny gaskiya ne kuma ba na janye shi, amma na faɗe shi ne don in sauke kayana, ban duba a kan wa zai sauka ba. Uwarku ta nuna mini hanya, kwana tara ina da ita a gabana, na kasa. Na fi jin tsoron idon ɗana da idon baƙi. Bashir, wannan laifina ne, kuma ban taɓa iya faɗa maka da baki ba.

Madam Gerber ta rasu a gidan tsofaffi, ɗan ƙanenta likitan ya aiko mini da kati. Allon yana nan inda kuka san shi. In ba mai saye da rana, nakan ɗaga kai in karanta kalmar, in tuna cewa can wata ƙasa an ɗauki sana'ar ubana an mai da ita suna, ana buga ta a ƙofa da ruwan zinariya, mu kuwa a takardunmu ba ko alamarta. Ba na ce ku ƙara komai a sunayenku ba. Ina so dai in jikokina suka tambaye ku wane gida ne a Damagaram, kada ku tsaya gyaran murya.

Zainabu da Hamza, ku da Bashir ku raba kayan kanti yadda shari'a ta ce. Jar fatar ta Bashir ce, na ba shi tun ina raye. Tana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, a cikin takardarta. Bashir, kada ka sa ta a leda, fata tana son iska. Ran da ka ga dama ka ɗauko ta, ka kai hanci, sannan ka taɓa gefen da kan harshenka. Za ka ji ɗan ɗaci mai kama baki. Bagaruwa ce, ita ce a hannun kakanka Malam Idi duk tsawon ransa.